Yadda Baban Auta Ya Manne Littattafan Layinmu

Yanzu babu ƙarar zarto a ƙofar gidanmu, babu kuma muryar nan da take fin zarton ƙara. Shagon yana rufe. Gwangwanin gam ɗinsa yana nan a kan kanta, ya bushe ya zama dutse, na hana kowa ya yar da shi. Masu zuwa gaisuwa sun ba ni labarin kirkin mijina har na haddace, kuma duk gaskiya suka faɗa. Amma ni da na zauna da shi, abin da ya fi dawo mini shi ne abin dariyarsa. Karatuna bai yi nisa ba, zan faɗa ne yadda ya faru. Abin da ban gani da idona ba, shi ya ba ni da bakinsa, ni kuma na rage gishirin.

Kafinta ne, ya kuwa iya aikinsa, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. A layinmu ba mai kiransa da sunansa, sai Bar-Mini. Ko famfo ya lalace, ko akuya ta ƙi cin abinci, ko rediyo ya shaƙe, kafin a rufe baki ya miƙe yana naɗe hannun riga: "Ku bar mini."

Wata yamma yana zaune a bakin shago da amininsa Mai Aski, yana ba da labarin yadda yana saurayi ya ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi. Autarmu, lokacin tana shekara goma sha ɗaya, tana zaune a kan tarin katako, hancinta a cikin littafi kamar kullum. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Baba, bara ka ce da hannu biyu ne."

"Bara daban, bana daban."

"To ina hujja?"

Mai Aski ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin garin katako.

Ya shigo gida yana huci. "Maman Auta, kin ji abin da 'yarki ta yi mini a gaban jama'a?"

Na ce, "In ta yi na ɗaya a aji taka ce, in ta faɗi gaskiya tawa ce."

"Littattafan nan ne! Yarinya tana tambayar ubanta hujja. Gobe sai ta ce in kawo shaidu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga yau babu littafin da zai shiga idon yarinyar nan sai ya bi ta hannuna."

"Kai da jarida take tsufa a hannunka ba ka wuce shafin farko ba?"

"Wa ya ce miki sai na karanta? Takarda da me ake yin ta?"

"An ce da itace."

"To wa ya fi kafinta sanin itace?" Ya daki ƙirji. "Ki bar mini."

Washegari ya zazzage jakar Auta a kan teburin aiki. Ya ɗauki littafi ya ƙwanƙwasa bangonsa da yatsa, ya kara a kunne. Ya shinshina. Ya rufe ido ɗaya ya duba gefensa ko ya karkace, yadda yake duba katako. Mai nauyi ya ce na ƙwarai ne, marar nauyi ya ce gara ta ci cikinsa. Yana cikin haka ya buɗe wani sai ga hoton ƙwarangwal tsaye yana masa murmushi. Ya yi salati ya jefa shi saman rufin shago.

"Baba, littafin kimiyya ne! Gobe za a yi mana gwaji!"

"Gwajin me? Tono kabari?"

Sai da Auta ta dawo daga makaranta da kuka, ni kuma na ce ba zan ɗora tukunya ba, sannan ya kafa tsani ya hau rufi. Ya sauko da littafin, ya bar rabin wandonsa a kan ƙusa.

Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa cewa ya yi ya gano inda kuskuren yake. "Ba a yar da katako duka don gara ta ci gefe ɗaya. Toshe wurin ake yi." Ya ɗauko gam ɗinsa, wanda yake haɗawa da kansa, yake cewa in ya kama abu sai dai a binne su tare. Sabon tsari shi ne, ya riƙa fiffita shafuka da babban yatsa, duk inda idonsa ya faɗa kan hoton da bai gamsu da shi ba, ko kalma irin su wuƙa, aljani, masoyi, sai ya shafa gam ya haɗe shafin da na kusa da shi. Ya kuma kafa doka a gaban kowa: duk yaron da ya faɗi abin da ke cikin shafin da aka manne, bulala ce.

Ya ɗauko guntun katako ya rubuta da fenti, ya rataya a ƙofar shago: ANA GYARA KUJERA DA LITTAFI.

Iyaye kuwa suka samu abin nema. Kowa dama yana da ɗan fargaba a ransa kan abin da yaransa suke karantawa, ga wanda ya ce a bar masa. Mai Aski ne ya fara kawo na ɗansa. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta aiko da na 'yarta cike da kwali. Baban Auta ya zauna tsakiyar littattafai kamar alƙali, burushi a hannu, yana shafawa yana huɗuba.

Ba a daɗe ba Mai Aski ya dawo riƙe da wani abu mai kama da bulo. Ya sake shi a kan teburi, ya yi ƙara, tim.

"Mene ne wannan, Bar-Mini?"

"Littafin ɗanka."

"Na lissafi ne! Me ka gani a lissafi?"

"Akwai wani wuri da aka ce wani ya ɗebe lemo daga kwandon wani. Ba a ce ya nemi izini ba."

"Shi ne ka manne shi tun daga bango har bango?"

"Gam ɗin ne ya ji daɗin takardar, ya zarce. Ai ya fi ƙwari yanzu. Jikokinka ma sai sun gaje shi."

"Su gaji me? Su gina ɗaki da shi?"

"Wanzami dai ba ya son jarfa. Kai kunnuwa nawa ka yanka na yi shiru?"

Suna cikin haka sai ga mai ɗinki, mayafi a kafaɗa, tun daga nesa ake jin ta. Ashe littafin samfurin ɗinkinta ya faɗa cikin kwalin. Baban Auta ya ga hotunan mata tsaye ana auna su da tef, bai bar shafi ko ɗaya ba.

"Baban Auta, da wannan nake cin abinci! Amarya tana jiran riga, me zan nuna mata?"

"Ki nuna mata bangon. Ai na bangon da mutuncinta, hannun rigarta har wuyan hannu."

Sai da na fito na ja ta cikin gida na ba ta ruwa.

Abin da bai sani ba, yaran layin sun samu sabon wasa. Yaron da a da sai an bi shi da tsintsiya kafin ya buɗe littafi, yanzu shi ne zai tsaya tsakar rana ya ɗaga shafi yana hango rubutu ta hasken rana. Wasu suka gano tururi yana sassauta gam in bai gama kamawa ba. Duk gidan da ka shiga, tukunya tana tafasa, yara sun kewaye ta da littattafai, uwa tana murna wai sun fara son girki. Daga baya ma da kansu suke kawo masa.

"Baba kafinta, don Allah duba mana wannan."

Shi kuma ya shigo gida yana taƙama. "Kin gani? Da ƙafarsu suke zuwa. Tarbiyya ta kama."

Na ce, "Malam, wurin daɗin kake yi musu alama, kada su sha wahalar nema."

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji shi.

Auta kaɗai ce ba ta dariya. Ita ba wasa ta ɗauki karatu ba. A makarantarsu akwai ɗan ɗakin littattafai, malamar da ke kula da shi tana ba ta aro saboda ta san ba ta ko lanƙwasa kunnen shafi. Doka ɗaya ce a wurin: wanda ya lalata littafi, an rufe masa aro. Wata rana ta zo da wani mai koren bango, ta ɓoye a ƙarƙashin filo, ta karance shi tas. Da safe za ta mayar, sai ya tsare ta a ƙofa.

"Baba, wannan ba nawa ba ne, na makaranta ne. Don Allah kada ka taɓa shi. In ya lalace ba za a ƙara ba ni ba."

Ya fiffita, sai ga hoto: wani ƙato mai kunne ɗaya ya zare wuƙa, a gabansa wani dattijo ɗaure da igiya. "Kin gani ko? Na makarantar ma gara ta ci." Ya tsoma burushi, ya manne wurin da kauri, har da ƙarin shafuka gaba da baya don rigakafi. Ya ɗora guduma a kai ya ce sai ya bushe. Auta ta tafi makaranta hannu wofi. Da ta dawo ta ce Malama ta rufe mata aro. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta zauna tana kallon bango, ni kuwa na san wannan ya fi kuka.

Ranar aka yi ruwa, ba mai zuwa shago. Baban Auta yana jiran ruwa ya ɗauke, ya ɗaga gudumar don ya ga ko gam ya kama. Ya buɗe littafin, idonsa ya faɗa kan layin farko. Ya sa yatsa a ƙarƙashi, yana motsa leɓe. Labarin 'yar wani masunci ne da aka yi wa ubanta ƙazafin satar jirgin ruwa, aka tafi da shi, ita kuma ta bi sawu, wani mai kunne ɗaya yana bin ta a baya. Ya ce bari ya ga iyakar lalacewar. Ya juya shafi. Ya sake juyawa.

Daga ranar aiki ya shiga uku. Mai Aski ya ba shi aikin teburin da zai riƙa jera kayan aski. Ido ɗaya a kan zarto, ɗaya a kan littafin da ya ɓoye cikin aljihun teburin aiki, ya yanke ƙafa ɗaya ta gaza. Ya rage sauran don su daidaita, wata ta sake gazawa. Ya sake ragewa. Da Mai Aski ya zo karɓa, ya tsaya yana dube-dube.

"Ina teburina?"

"Ga shi a gabanka."

"Wannan da ya tsaya mini a idon sawu? A kwance zan riƙa aski?"

"Sabon yayi ne. Ba ya faɗuwa."

"Ina zai faɗa? Ai ya riga ya iso ƙasa!"

A haka, da rarrafe da yatsa, ya kai inda yarinyar ta leƙa ta tagar wata rumfa ta hango ubanta a ɗaure, mai kunne ɗaya ya tura ƙofa ya shiga. Ya lashi yatsa zai juya shafi. Shafi ya ƙi. Ya ɗaga shi ga rana, kauri ya yi yawa. Ya shigo ya ɗora mini tukunya wai zai gasa fuskarsa saboda mura, amma gam ya riga ya kama. Ya aro aska, sai takardar ta fara yagewa. Na ce, "In za ka gina ramin mugunta..." Ya ce, "Ban tambaye ki ba."

Da cin abinci ya gyara murya. "Auta, wannan mai kunne ɗayan. Ba don komai ba, don aikin tantancewa. Me ya yi da wuƙar?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kin karanta mana!"

"Ka ce duk wanda ya faɗi abin da ke cikin shafin da aka manne, bulala ce."

"Na ɗage dokar na yau."

"Ina hujja?"

Na shaƙe da ruwa, sai da na fita waje.

Ana haka aka kira taron iyaye a makaranta. Ya ce dama ta samu: zai nuna wa malamai aikinsa, su ba shi ɗakin littattafan gaba ɗaya ya gyara. Ya sa babbar rigarsa ta fita, ya zura koren littafin a aljihu ɗaya, gwangwanin gam da burushi a ɗaya. Na ce murfin bai rufu ba. Ya ce in bar masa.

Shi da Mai Aski suka zauna a bencin gaba, irin na yara, ni da Auta muna baya. Aka daɗe ana maganar rufin aji da tsabtar banɗaki. Can Mai Aski ya raɗa masa, "Kai, ba ka jin wani sanyi a ƙarƙashinka?"

"Sanyin tsufa ne. Yi shiru."

Da aka ce ko akwai mai magana, ya ɗaga hannu. Ya yunƙura zai tashi, ya ji an riƙe shi ta baya. Ya laluba aljihu, gwangwani ya kife, babu komai ciki. Sai ya ce, "Jama'a, zan yi magana a zaune, saboda tawali'u."

Ya zaro littafin ya ɗaga. "Ku dubi abin da ake ba 'ya'yanmu! Yarinya ƙarama, marainiyar Allah, ba uwa, an kama ubanta a kan ƙarya. Ƙarya ce, wallahi bai saci jirgin nan ba, mai gidan kifin ne munafuki! Ta bi dare ta bi rana, takalminta ɗaya ya tsinke, ba wanda ya ce mata sannu..." Wata mata a gefena har ta matso gaba. "Ga wannan la'anannen mai kunne ɗaya ya shiga da wuƙa! Wannan abin yaro ya karanta ne?"

Malamar ɗakin littattafai, wata 'yar siririya mai tabarau, ta miƙe a hankali. Ta buɗe jakarta ta fito da wani koren littafin irinsa sak.

"Baban Auta, gaskiyarka, dole iyaye su san abin da yaransu suke karantawa. Bari in karanta wa jama'a wurin da ka manne, su yi hukunci." Ta buɗe. "Sai mai kunne ɗaya ya zare wuƙarsa, ya matso kusa da dattijon, ya kama shi ta kafaɗa, ya ɗaga hannu..." Ta tsaya. Ta rufe littafin. "Kai, a'a. Tunda ka ce bai dace ba, bari in bar shi."

"Sai me?"

"Na'am?"

"Ya ɗaga hannu sai me? Ya yanka shi? Malama, ki ji tsoron Allah, mutum yana ɗaure!"

Ya zabura ya miƙe da ƙarfin da ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ko da hannu nawa ne. Benci ya taso tare da shi. Mai Aski, da ke manne a ɗaya gefen, ya taso shi ma yana salati, ƙafafunsa suna neman ƙasa. Suka yi gaba, suka yi baya, suka juya kamar jaki biyu a igiya ɗaya, gefen bencin ya share kofunan da ke kan teburin shugaban makaranta. Ɗakin ya ɓarke. Mai ɗinki tana dariya tana dukan cinyata tana cewa Allah ya saka mata tun a duniya.

"Cire wandon!" wani ya yi ihu.

"A gaban surukaina?" in ji Mai Aski. "Bar-Mini, Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Ka dai shaida gam ɗin yana da kyau."

Babu yadda za a yi sai a koma shago a jiƙa su da ruwan zafi. Kafin su fita, ya waiwayo, benci da Mai Aski suka waiwayo tare da shi. Ya dubi Auta da ke tsaye ta rufe baki da hannu, ya dubi Malama. Karon farko ke nan da na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Malama, yarinyar nan ba ta da laifi. Ta roƙe ni, na ƙi ji. Ki buɗe mata aro. Na ga littattafanku a zube cikin kwali, zan yi muku kanta har rufi."

"Da sharaɗi. Gam ba zai shiga ɗakin ba."

"Ƙusa zalla."

Malama ta miƙa wa Auta nata littafin. Haka muka ratsa layi da rana tsaka: maza biyu a duƙe da benci a bayansu suna tafiyar kaguwa, wannan ya ce hagu wancan ya ce dama, yaran unguwa a baya, Auta a gefe tana karantawa da ƙarfi. Da ta kai inda mai kunne ɗaya ya sauke wuƙar ya yanke igiyar, ya ce wa dattijon ya gudu 'yarsa tana waje, Baban Auta ya tsaya cak har Mai Aski ya kusa kifewa.

"Igiyar ya yanka? Allahu Akbar! Ai na faɗa! Tun farko na ga alamar mutumin kirki a fuskarsa."

"Kai da ka ce la'ananne ne?" in ji Mai Aski.

"Gwada ku nake yi. Auta, ci gaba."

Ya yi kantar, kuma har yau tana tsaye, ƙafafunta daidai. Bai taɓa yarda an kayar da shi ba. Cewa ya yi tsari ya gyara: daga yanzu duk littafin da Auta ta aro, sai ta karanta masa da baki yana aiki, don tantancewa. Haka suka yi shekaru, shi yana goge katako, ita tana kan tarin katakonta. Wani lokaci sukan yi musu har in fito raba su. Sau ɗaya ko biyu ya ce mata, "Wannan ki ajiye shi sai kin ƙara girma," ya kuma gaya mata dalili, ta ajiye ba gardama, don ta san ya ji abin da ke ciki.

Da ciwo ya kwantar da shi, a bakin gado take karanta masa. Littafin ƙarshe ba su kai rabi ba. Ta ga yana gajiya, ta ce ko ta faɗa masa yadda ya ƙare. Ya buɗe ido ya harare ta. "Kada ki kuskura. Ki bar mini."

Littafin yana nan kusa da gwangwanin, da guntun katako a inda suka tsaya.

Wanda duk ya karanta wannan ya yi dariya, to ya biya ni da addu'a. Allah ya jiƙan Baban Auta, ya buɗe masa shafukansa na alheri ɗaya bayan ɗaya, na kuskurensa kuma ya manne su manniyar da ba tururi ba aska. Ku taya ni da Auta cewa amin.